Mai daɗaɗɗen ciwon huhu zai iya shan maganin zuciya?

Shin mutumin da numfashinsa ke sarƙewa saboda daɗaɗɗen ciwon huhu zai iya shan maganin zuciya ba tare da ya ƙara wa kansa wahala ba? Tambayar tana tasowa a gidaje da yawa, kuma kusan ta hanya ɗaya take zuwa. An sallamo dattijo daga asibiti da leda cike da magunguna. Jikarsa mai karatu ta zaro 'yar takardar nan da ke cikin kwali, ta ci karo da gargaɗin cewa mai matsalar numfashi ya yi hattara da wata ƙwaya ta zuciya, irin wadda ake kira beta-buloka. Baba kuwa shekara da shekaru yana fama da tari, ko masallacin unguwa ba ya kaiwa sai ya tsaya ya huta a hanya. Nan take a yanke hukunci a tsakar gida: a ajiye wannan, likita bai lura ba.

Wani lokacin ma ba iyali ba ne, likitan ne da kansa ke ɗari-ɗari, ya ƙi rubuta maganin tun farko. Tsoron yana da tushe, ba a banza aka buga gargaɗin ba. Sai dai binciken da aka yi cikin shekaru kusan 30 da suka wuce ya nuna maganar ta fi "a sha" ko "kada a sha" zurfi, kuma kuskure ta kowane ɓangare yana iya cin rai.

Wace cuta ake nufi?

A bakin jama'a duk wanda ke shessheƙa ko ƙirjinsa ke kuka, asma gare shi. A asibiti ba haka ba ne. Asma kan fara tun yarinta, tana tashi tana kwanciya, kuma tsakanin tashi da tashi mutum kan koma garau. Wadda muke magana a kanta ita ce cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD. Ita a hankali take shigowa, galibi bayan shekara 40, kuma ɓarnar da ta yi ba ta komawa. Ƙananan bututun iska na huhu suna kumbura su ƙuntace, majina ta yi yawa, jakunkunan iska su saki kamar tsohuwar zuga-zugin maƙeri da fatarta ta mutu. Iska ta shiga, fitarta ya zama aiki.

Ba a tabbatar da ita da sauraren ƙirji kawai. Akwai gwajin hura iska cikin na'ura: idan abin da mutum ya iya hurowa a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya huro ba, bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji, to akwai toshewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, kimanin kashi 5 cikin 100 na duk mace-macen duniya. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100 na cutar. A ƙasashe masu tasowa rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba, hayaƙin girki yana da nasa babban kaso. Ke nan uwar da ta shekara 40 tana hura wutar itace a rufaffen ɗakin girki tana cikin wannan magana, ko da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe

Zuciya da huhu maƙwabta ne a ƙirji ɗaya, kuma aikinsu a sarƙe yake. Duk jinin da ke jiki sai ya ratsa huhu ya ɗauki iskar oksijin kafin zuciya ta watsa shi. Hayaƙin da ke lalata huhu shi ne dai ke lalata jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Idan huhu ya cika da iskar da ta ƙi fita, yana danne zuciya ya hana ta cika yadda ya kamata. Idan oksijin ya yi ƙaranci na tsawon lokaci, jijiyoyin huhu suna tsukewa, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji, ƙafafu su fara kumbura.

Shi ya sa da yawa daga masu wannan cuta ba huhun ne ke ajalinsu ba. A wani babban gwaji mai suna TORCH da aka wallafa a 2007, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 6,000 na tsawon shekara 3, da aka tantance sanadin mutuwar waɗanda suka rasu, kashi 35 cikin 100 matsalar huhu ce, kashi 27 zuciya da jijiyoyin jini, kashi 21 kuma sankara. Wani bincike a Birtaniya a 2010 ya gano cewa haɗarin toshewar jijiyar zuciya, abin da muke kira bugun zuciya, yana ninkawa fiye da sau biyu a kwana 5 na farko bayan ciwon huhun ya motsa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne alamomin iri ɗaya ne. Haki, gajiya, kasa hawa bene, tari da daddare: huhu na kawo su, raunin zuciya, wato gazawarta wajen tura jini yadda jiki ke buƙata, shi ma na kawo su. A 2005 likitoci a Holan sun binciki tsofaffi 405 da aka sani da ciwon huhun, sai suka tarar 83 daga cikinsu, wato mutum ɗaya cikin biyar, suna ɗauke da raunin zuciya wanda ba wanda ya taɓa ganowa. Ana ta ƙara musu maganin shaƙa, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Rigimar duk a kan rukuni ɗaya na magunguna take, waɗanda ake kira beta-buloka. Na farko da ya shahara cikinsu shi ne propranolol, wanda masanin nan ɗan Sikotland, James Black, ya ƙirƙiro a shekarun 1960, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1988.

Ga yadda suke aiki. Jiki yana da sinadarin adiranalin, wanda ke zaburar da mutum idan ya tsorata ko ya yi gudu. Sinadarin kamar makulli ne, yana buɗe kwaɗo iri biyu. Kwaɗo na farko, beta-1, ya fi yawa a zuciya: idan an buɗe shi zuciya tana ƙara sauri da ƙarfi. Na biyu, beta-2, ya fi yawa a bututun iska na huhu: idan an buɗe shi bututun suna saki su faɗaɗa. Beta-buloka yana toshe bakin kwaɗon ne, ya zame wa zuciya linzami, ta rage gudu ta huta. Shi kuwa maganin shaƙa irin salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, kwaɗo na biyun yake buɗewa.

To ka ga inda matsalar take. Propranolol ba ya bambance kwaɗo, duka biyun yake toshewa. Mai asma ya sha shi, ƙirjinsa na iya rufewa, kuma ko ya shaƙi Ventolin ba zai yi tasiri yadda ya saba ba, tufka da warwara ke nan. An rasa rayuka ta wannan hanya, kuma daga nan aka koyar da ɗaliban likitanci zuriya bayan zuriya cewa beta-buloka da mai shessheƙa ba sa ga maciji.

Daga baya aka samar da waɗanda suka fi karkata ga kwaɗon zuciya, suna barin na huhu sai kaɗan: bisoprolol, metoprolol, atenolol da nebivolol. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace sakamakon binciken lafiya ta yi a 2005, wadda ta tattara ƙananan gwaje-gwaje da dama, ba ta ga waɗannan sun rage ƙarfin numfashin masu COPD ko sun hana maganin shaƙa aiki ba. Magani ya canja, amma tsoron ya zauna daram.

Kuma tsoron ya yi ɓarna. Tun 1998 wani bincike a Amurka da ya duba bayanan mutum fiye da 200,000 da suka yi bugun zuciya ya nuna cewa masu ciwon huhu suna cikin waɗanda aka fi hana wa maganin, alhali waɗanda aka bai wa cikinsu mutuwarsu ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. A raunin zuciya kuwa hujjar ta fi ƙarfi: gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 1999, ɗaya da bisoprolol ɗaya da metoprolol, kowannensu ya nuna raguwar mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Magani kaɗan ne a duniya ke da irin wannan shaida. A hana wa mutum shi don yana tari, ba ƙaramin abu ba ne.

Lokacin da aka yi zaton an gano sabon maganin huhu

Daga nan sai magana ta juya, ta wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Masu bincike suka fara duba rajistar asibitoci suna kwatanta masu COPD da ke shan beta-buloka da waɗanda ba sa sha. A Holan a 2010, cikin mutum 2,230, masu shan sun fi tsawon rai kuma ciwonsu bai cika motsawa ba. A yankin Tayside na Sikotland a 2011, cikin mutum kusan 6,000, mutuwa ta yi ƙasa da kashi 22 cikin 100 a wajen masu sha. Aka fara cewa wataƙila maganin da ake gudu shi ne ma maganin huhun, a riƙa bai wa kowa, mai ciwon zuciya da marar shi.

Irin wannan bincike yana da rauni, kuma yana da kyau mai karatu ya gane shi, domin kullum muna ganin labarai masu cewa "bincike ya nuna". Duba rajista ba ya nuna dalili, yana nuna abin da ya zo tare ne kawai. Likita mai tsoron maganin wa zai rubuta wa? Wanda huhunsa ke da sauran ƙarfi. Wanda ke kwance rai a hannun Allah ba za a ba shi ba. Sai rajista ta nuna masu sha sun fi daɗewa, alhali tun farko su ne masu ɗan sauƙi. Haka kuma wanda ke zuwa asibiti a kai a kai har a rubuta masa magani ya riƙa sha kullum, galibi shi ne mai kula da kansa ta sauran fuskoki. Sannan akwai waɗanda abin da aka rubuta musu a matsayin motsin ciwon huhu, a gaskiya zuciya ce ta gaza. Idan maganin ya taimake su, zuciyar ya taimaka.

Hanyar raba gardama ita ce gwajin ƙuri'a. A tara marasa lafiya masu kama da juna, ƙuri'a ta raba su gida biyu, a bai wa wasu maganin gaske, wasu ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san wa ya samu me.

Abin da gwajin ya nuna

Na farko shi ne BLOCK COPD, a asibitoci 26 na Amurka, wanda aka wallafa a 2019. An ɗauki mutum 532 masu ciwon huhun da ke yawan motsawa, kuma, a riƙe wannan da kyau, an cire duk wanda ke da ciwon zuciyar da ke buƙatar beta-buloka. Rabi suka sha metoprolol. Sakamakon bai yi wa masu fata daɗi ba. Tsawon lokacin da aka ɗauka kafin ciwo ya motsa kusan ɗaya ne: kwana 202 ga masu shan maganin, kwana 222 ga sauran. Mafi muni, waɗanda ciwon ya kai su ga kwanciya a asibiti sun kai kashi 26 cikin 100 a masu metoprolol, a ɗaya ɓangaren kuma kusan kashi 15. Mutum 11 suka rasu a nan, 5 a can, adadin da ya yi ƙanƙanta a yanke hukunci da shi, amma ya isa ya tayar da hankali. Aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa.

Na biyu shi ne BICS a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2024. Shi bisoprolol ya gwada, wanda ya fi metoprolol barin kwaɗon huhu, aka fara da miligiram 1.25 ana ƙarawa a hankali zuwa 5. Annobar korona ta katse ɗaukar mutane, aka tsaya a 515. Bayan shekara guda, matsakaicin motsin ciwo ga mutum ɗaya sau 2.03 ne a masu sha, sau 2.01 a marasa sha. Ba amfani ga huhu, amma kuma ba a ga ya ƙara cutar da numfashi ba.

Irin wannan ya faru da maganin rage kitsen jini. Rajista ta yi ta nuna kamar yana kare huhu, har aka gwada simvastatin a kan mutum 885 a gwajin STATCOPE na 2014, bai rage motsin ciwon ba ko kaɗan.

A nan ne nake ganin aka fi yin kuskuren fahimta. Da labarin gwajin Amurka ya bazu, wasu suka ɗauka an tabbatar da tsohon tsoro, cewa beta-buloka guba ne ga mai ciwon huhu. Ba abin da aka gwada ke nan ba. An tambaya ne ko maganin zuciya zai yi wa huhu magani a jikin wanda zuciyarsa ba ta buƙatarsa, amsa ta ce a'a. Wanda zuciyarsa ke buƙata ba ya cikin gwajin ma sam.

To wa zai sha, wa zai bari?

Kwamitin GOLD, wanda tun 2001 yake fitar da ƙa'idojin kula da wannan cuta ga likitocin duniya, matsayinsa a fili yake: a yi wa ciwon zuciya magani yadda za a yi masa ko da babu ciwon huhu, a fifita beta-buloka masu karkata ga zuciya, kuma kada a ba da su don hana ciwon huhu motsawa.

Mai raunin zuciya irin wanda ƙarfin turawarta ya ragu, shi ne ya fi kowa buƙata. Haka wanda harbawar zuciyarsa ta rikice tana gudu ba tsari, da mai ciwon ƙirji saboda ƙuntatar jijiyoyin zuciya, da wanda bugun zuciya ya bar masa rauni. Wanda ya yi bugun zuciya amma hoto ya nuna ƙarfinta bai taɓu ba, maganarsa ana kan tattaunawa, domin wani gwaji na mutum 5,020 da Suwidin ta jagoranta a 2024 bai ga amfanin maganin a irinsu ba. Wannan hukuncin likitan zuciya ne bayan ya ga hoto. Hawan jini shi kaɗai kuwa ba dalili ne mai ƙarfi ba, akwai magunguna irin amlodipine da ba ruwansu da numfashi. Mai asma ta gaskiya, musamman mai tsanani, gargaɗin takardar nan a kansa yake.

Akan fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa ana lura. Kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin zuciyar da aka cire wa linzami kwatsam tana iya zabura, har ta kai ga bugu. Wannan shi ne haɗarin hukuncin tsakar gida.

Sauran ƙwayoyin da ke cikin ledar

An zuba wa beta-buloka ido, alhali akwai wasu da ke shigowa ta bayan gida. Lisinopril, enalapril da captopril, waɗanda ake yawan bai wa masu hawan jini da raunin zuciya, suna sa wasu busasshen tari mai naci. Ba sa lalata huhu, amma mutum zai yi ta shan maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta a banza, alhali musanya su da losartan ko makamancinsa kan kawo ƙarshen abin. Maganin ɗigawa a ido na hawan jinin ido, timolol, beta-buloka ne marar bambance kwaɗo, kuma yana bi ta hanci ya shiga jini. Ɗigo kaɗan na iya rufe ƙirjin mai asma ko mai tsananin COPD, ga shi ba wanda ke lissafa maganin ido cikin magunguna. Amiodarone, na daidaita harbawar zuciya, yana iya yi wa huhu tabo idan an daɗe a kansa.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai magungunan huhu da ke taɓa zuciya. Yawan shaƙar salbutamol yana sa zuciya gudu, kuma idan ya haɗu da maganin fitsari irin furosemide yana rage sinadarin fotashiyam a jini, wanda ƙarancinsa ke rikita harbawar zuciya. Aminophylline da theophylline, magungunan buɗe ƙirji, tazarar da ke tsakanin amfaninsu da gubarsu ƙanƙanuwa ce. Su kuwa magungunan shaƙa masu dogon aiki, gwajin SUMMIT na 2016 a kan mutum fiye da 16,000 masu haɗarin ciwon zuciya bai ga sun ƙara wa zuciya matsala ba.

Yadda abin yake a wajenmu

Waɗancan gwaje-gwajen na Amurka da Birtaniya an yi su ne a kan masu shan taba ko waɗanda suka taɓa sha, mutanen da aka auna huhunsu da na'ura aka tantance lafiyar zuciyarsu kafin a ba su ƙwaya ɗaya. Mu kuwa na'urar gwajin numfashi da ta hoton zuciya sai manyan asibitoci, da yawa cikin masu wannan haki hayaƙin murhu ne ko tabon tsohon tarin fuka ya kawo su, kuma wurin farko da ake zuwa shi ne kemis. A can propranolol yana da araha kuma yana da sauƙin samu. Mutum ya ce gabansa na faɗuwa ko jininsa ya hau, a ƙirgo masa, ba a tambaye shi ko yana shessheƙa ba. Ke nan muna iya yin kuskuren biyu a lokaci ɗaya: a hana mai raunin zuciya nau'in da zai tsawaita ransa, a kuma bai wa mai asma nau'in da zai rufe masa ƙirji.

Abin da ke hannun iyali ba kaɗan ba ne. Ranar ganin likita a kwashi komai a leda, har da maganin ido, da na gargajiya, da wanda aka saya a kemis. A tambaya kai tsaye: "Likita, wannan hakin na Baba daga huhu yake ko daga zuciya, kuma an duba duka biyun?" Idan an rubuta beta-buloka, a tambayi dalilinsa, a kuma tambaya ko nau'in da ke barin huhu ne. Mai ciwon suga ya sani cewa maganin na iya ɓoye faɗuwar gaban da ke sanar da shi sugansa ya sauka. Idan bayan fara shi shessheƙa ta ƙaru, ko jiri ya yi yawa, ko mutum ya suma, a koma asibiti a ranar.

Sai kuma hunturu, lokacin da ƙura da mura ke tayar da ciwon, ga ɗumin wuta a rufaffen ɗaki. Makonnin farko bayan ciwon huhu ya motsa su ne zuciya ta fi shiga haɗari, musamman ga wanda sai da aka kwantar da shi. Idan a wannan tsakanin dattijo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya kasa kwanciya sai a jingine, kada a ce ai tsohon ciwonsa ne a ƙara masa shaƙa. A kai shi a duba zuciyar.